Rana Ta Wadace Mu, Amma Ƙafar Yara Tana Lanƙwashewa



A arewacin ƙasar Sin, idan hunturu ya kankama, jariri yakan yi watanni a ɗaki naɗe cikin kaya, rana ba ta taɓa jikinsa. Fata ce ke samar da bitamin D idan rana ta haska ta, shi kuma ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ƙashi ke ƙarfi da shi. Nonon uwa, duk da albarkarsa, bitamin D ɗin da ke cikinsa kaɗan ne. Shi ya sa likitocin can suke ɗiga wa jarirai shi tun kwanakin farko.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu nan Zuba ai rana har ta yi yawa. To, me ya sa muke ganin yara masu gwame, da waɗanda ƙafarsu ta yi baka?

An nemo amsar a Jos. A 1999 Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi kan yara 123 masu wannan larura. Wasu aka ba su bitamin D, wasu kalsiyam, wasu duka biyun. Waɗanda suka sami kalsiyam sun fi masu bitamin D kaɗai warkewa. Abin da yaran ke samu a abinci kusan miligiram 200 ne kawai na kalsiyam a rana, alhali ƙa'idar da masana suka amince da ita a 2016 ta ce ƙasa da 300 haɗari ne ga yaron da ya shekara. Ku dubi kwanon yaron da aka yaye: koko da safe, tuwon masara da dare, babu madara. Masarar ma tana da wani sinadari da ke riƙe kalsiyam, ya hana jiki amfana da shi.

Wannan bai wanke mu daga matsalar bitamin D ba. Uwar da ta yi goyon ciki a ɗaka, rana ba ta ganin fatarta, da ƙarancinsa za ta haifi ɗanta. Baƙar fata ta fi daɗewa kafin ta samar da shi, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki. Ƙa'idar 2016 ɗin ta ce a riƙa ba jariri ma'auni 400 na bitamin D kullum har ya shekara, ma'aikacin lafiya zai nuna yadda ake ɗigawa.

Iyaye mata, kada ku jira sai ƙafa ta lanƙwashe. Ku kama wuyan hannun yaro, ku ga ko ya yi kauri. Ku shafa haƙarƙarinsa, ku ji ko akwai ƙulli-ƙulli a jere kamar carbi. Ku lura ko maɗiga ta ƙi rufewa, ko ya makara bai fara tafiya ba. Ɗan lanƙwason da ake gani kafin shekara 2 sau da yawa yakan miƙe da kansa, amma wanda ke ƙaruwa sai an duba shi.

Abinci mai kalsiyam kuwa yana kasuwa: nonon shanu dafaffe, madara, kuka, zogale, riɗi, da busassun ƙananan kifi a daka su har ƙaya a zuba a miya. Ku bar yara su yi wasa a tsakar gida. Wanda kuka ga alamun nan a jikinsa, kada a ɗaure masa ƙafa, kada a ce iska ce. Asibitin koyarwa na Gwagwalada ba shi da nisa, ku kai shi tun ƙashi bai ƙosa ba.