Tsohon Kabad Ba Na Yarwa Ba Ne

A ɗakunan iyayenmu mata akwai kabad ɗin jere na katakon maɗaci, mai gilashi da zanen furanni, cike da kwalla da tasoshi. Yau an koma ga na garin katako, wanda danshin damina ɗaya ke kumbura shi.

Uwargida, in za ki sayi tsoho, ki jijjiga ƙafafunsa, ki leƙa bayansa. Ƙananan ramuka masu zubar da gari alamar ƙwaro ce. Tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma, gubar da Amurka ta haramta a fentin gidaje tun 1978, don haka kada a kankare shi kusa da yara.

In kin gaji irin wannan kabad, ki kai wa kafinta ya gyara, ki bar wa 'yarki.