Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Ziyarar Ribaɗin Wurno



Ribaɗi shi ne garin da ake ginawa a bakin daga, a kewaye shi da ganuwa, a zaunar da mayaƙa tare da iyalinsu domin tsaron ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya kafa irin waɗannan garuruwa da dama, har Bakura ma tana cikinsu. Mayaƙi yakan yi noma da damina, 'ya'yansa suna karatu, amma dokinsa na ɗaure a turke saboda harin Gobirawa.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Wurno, arewa maso gabas da Sakkwato. A nan Bello ya zauna, a nan ya rasu cikin 1837, hubbarensa kuwa yana can har yanzu. Wanda ya ziyarce shi, sai ya biyo ta Sakkwato ya shiga Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, inda aka adana makaman da da tsofaffin takardun sarauta. Ganin ido ya fi ji.

A tsibirin Taiwan ma an gina wa sojojin da suka ƙaura daga Sin cikin 1949 ƙauyuka, su da iyalinsu. Daga baya aka rushe mafi yawansu, sai kaɗan aka bari aka mai da su gidajen tarihi. Abin da aka rushe kuwa ba ya komowa.

To, ga abin da ke gaban hakimai. Ruwan sama da masu haƙar ƙasar gini suna cinye ganuwa. Gara tana cin takardu a adaka. Dillalai suna saye takubba da sulke da lifidi daga magada, tsofaffin da suka san labari kuma suna ƙarewa.

Saboda haka ana roƙon kowane hakimi ya hana haƙar ganuwa a ƙasarsa. Malaminsa kuma ya buɗe littafi, ya rubuta kowane abu na da, da gidan da yake, da wanda ya fara mallakarsa, sa'an nan ya zauna da dattawa ya rubuta abin da suka ji daga iyayensu. Ba za a karɓe kayan kowa ba, sani kawai ake nema.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.