Fitilun Da Ake Gani A Sama: Baƙi Ne Daga Wata Duniya, Ko Yaya?

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya)



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, mai girma shugaban ƙungiya, mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa, da samarinmu, ina yi muku barka da zuwa.

An ɗora mini in ce wani abu a kan maganar nan da ta yi yawa a majalisu da shaguna, wato hotunan da ake turo wa mutane ta waya na wasu fitilu a sararin sama. Wani ya ce aljannu ne, wani ya ce alamar tashin Ƙiyama ce, samari kuma da suka kalli finafinan Amurka suka ce baƙi ne daga wata duniya suka zo cikin jirgi mai kama da faifai. Ni ɗan kasuwa ne, kuma a kasuwa ƙa'idarmu ɗaya ce, ba a cinikin biri a sama. Sai an sauko da kaya an duba, an auna, sannan a taya. To haka nake so mu yi wa wannan magana yau.

Bari mu fara daga gida, don kada a ce labarin Turawa ne kawai. Ranar 3 ga watan Oktoba, 1962, a Zagami ta wajen Faskari cikin ƙasar Katsina, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai ya ji wata ƙara mai tsanani. Wani abu ya faɗo daga sama kamar taku goma daga inda yake, ya nutse cikin ƙasa kamar ƙafa biyu. Da aka tono sai ga dutse mai nauyin kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna. Shekaru da yawa bayan haka masana suka gwada 'yar iskar da ta maƙale a cikinsa, suka tarar ta yi daidai da iskar da kumbunan Amurka masu suna Viking suka auna a duniyar Mas a 1976. Ita ce duniyar da Larabawa ke kira Mirrihu. Ashe wani babban dutse ne ya taɓa dukan Mas da ƙarfi, ɓaraguzai suka yi tsalle suka fita, ɗayansu ya yi ta yawo shekara miliyoyi har Allah Ya ƙaddara masa faɗowa gonar Bakatsine.

Kun ji fa. Baƙo daga wata duniya ya taɓa sauka ƙasar Hausa, kuma an tabbatar. Amma dutse ne, ba shi da ido ba shi da baki. Kuma ba shi kaɗai ba ne. An sami irin wannan faɗowar a Kabo ta jihar Kano a 1971, da Mayo Belwa ta Adamawa a 1974, da Gujba wadda yanzu take jihar Yobe a 1984, ko da yake su waɗannan ba daga Mas suka fito ba. Duk wanda ya ga irin wannan dutse yana keta sama da wuta da ruri, dole gabansa ya faɗi. Sai dai da aka ɗauko aka auna, an san ko mene ne.

To ina maganar faifai mai tashi ta samo asali? A watan Yuni na 1947 wani matuƙin jirgi a Amurka mai suna Kenneth Arnold ya ce ya ga abubuwa tara suna gudu a sama kusa da wani tsauni. 'Yan jarida suka laƙaba musu sunan faifai mai tashi, nan da nan sai kowa ya fara ganin nasa. A wannan shekarar dai aka tsinci wasu tarkace a wata gonar kiwo kusa da garin Roswell, aka yi ta yaɗa cewa jirgin baƙi ne ya faɗi. Sai a 1994 rundunar sojan saman Amurka ta fito ta ce tarkacen wani balan-balan ne na asiri da suka saki don sauraren gwajin bam ɗin nukiliya na Tarayyar Sobiyat. Lokacin ana yaƙin cacar baki, gwamnati ta gwammace mutane su yi ta zancen baƙi da a san sirrinta.

Ita wannan rundunar ta tara rahotanni 12,618 daga 1947 zuwa 1969. Da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, duk an gano bakin zarensu in ban da 701. Sauran taurari ne, da jirage, da balan-balan, da gajimare, da ƙarya tsagwaronta. A watan Maris na 2024 kuma wani ofishi na ma'aikatar tsaron Amurka ya sake bin tsofaffin takardu, ya ce bai sami hujja ko ɗaya ba da ke nuna cewa wani abin da aka gani ƙirar wata halitta ce daga wajen duniya.

Wani zai ce, to Alhaji, 701 ɗin nan fa? Tambaya ce mai kyau. Amma ku duba, in na yi lissafin shago da yamma na ga naira dubu biyu ba ta fito ba, abin da na sani shi ne kuɗi bai cika ba. Ban isa in ce aljani ne ya ɗauka ba. Wataƙila an yi kuskuren canji, wataƙila an ba da bashi ba a rubuta ba. Haka waɗannan rahotanni suke. Wataƙila bayanin da aka samu ne bai isa a yanke hukunci ba, hoto ya yi dishi-dishi, ko mai shaida bai san lokaci da nisa ba. “Ba a gane ba” daban, “baƙi ne” daban.

A nan Afirka labarin da ya fi shahara shi ne na makarantar Ariel a garin Ruwa, ƙasar Zimbabuwe. Ranar 16 ga Satumba, 1994, yara kusan 60 suka ce sun ga wani abu ya sauka bayan makaranta, har da wasu halittu. Da yawansu har suka girma ba su janye maganarsu ba, kuma ni ba zan ce ƙarya suka shirya ba. Amma kwana biyu kafin nan an ga wata wuta ta keta sararin kudancin Afirka da dare, gidajen rediyo suka cika da zancen baƙi, daga baya aka gano gangar wani roka ne na Rasha ke ƙonewa a hanyarta ta dawowa. Yaran da suka kwana biyu suna jin wannan zance, me kuke zato za su gani in wani abu ya motsa a daji? Kuma ba wani babba da ya gani, ba hoto, ba ko guntun ƙarfe.

Yanzu mu dawo samanmu na Abuja. Abu na farko, jirage. Mutanenmu na Lugbe da Gosa da Kuchingoro sun sani, jirgin da ya fuskanto ka da fitilun sauka a kunne sai ka ga kamar yana tsaye wuri ɗaya, ba ka jin ƙararsa saboda nisa. In lokacin hunturu ne hazo ya ƙara kumbura hasken, sai ya zama kamar ƙwallon wuta. Na biyu, Zara. Kakanninmu sun san ta, suna ce mata matar wata, ita ce kuma Gamzaki in ta fito da asuba. Haskenta ya fi na kowane tauraro, kuma in gajimare na wucewa ta gabanta sai ka rantse ita ce ke tafiya. Ɗan birni da wutar lantarki ta hana shi sanin taurari shi ne zai gan ta ya firgita. Na uku, 'yan ƙananan jiragen nan marasa matuƙi da masu ɗaukar hoton biki ke tayarwa, da balan-balan na masu auna yanayi.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ruɗa mutane, wato jerin fitilu a layi kamar ayarin raƙuma, suna tafiya shiru bayan magariba ko kafin asuba. Waɗannan taurarin ɗan'adam ne na Starlink, masu ba da intanet. A watan Mayu na 2019 aka harba 60 a tashi ɗaya, tun daga nan ake ta harbawa rukuni-rukuni, kuma a Janairun 2023 kamfanin ya fara aiki a Nijeriya. In an sake su sukan yi kwanaki a jere kafin su warwatsu. Ba fitila gare su ba. Rana ta faɗi a wurinmu, amma su da ke can sama har yanzu tana haska su. Mu kanmu muna da namu: an kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999, ofishinta na nan kan hanyar filin jirgi, kuma a 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha.

Akwai kuma maganar nisa. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa ɗaya, wato daga nan zuwa Kano bai kai rabin minti ba. Da wannan gudun, sai ya yi fiye da shekara 70,000 kafin ya ci nisan tauraron da ya fi kusa da ranarmu. To fatake ne za su yi irin wannan doguwar tafiya, su iso, su ƙi shiga gari, su ƙi yin sallama, su tsaya a yi musu hoto mai duhu su juya?

Ta fuskar addini, ga malamai nan zaune, su za su fi ni bayani. Abin da aka karantar da mu shi ne mulkin Allah ya fi ƙarfin saninmu, Yana da halittun da ba mu sani ba, mun yi imani da mala'iku da aljannu. Saboda haka ba mai cewa ba zai yiwu a sami wata halitta a wani wuri ba. Masana ma suna ta nema, har yau dai ba su samu ba. Amma yiwuwar abu ba ita ce shaidar faruwarsa ba. Ku tuna ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (S.A.W.) ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Shi da kansa ya gyara musu, ya nuna rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko haihuwarsa, ya umarce su da salla. Ku duba kuma yadda ake karɓar shaidar ganin wata. Ba a cewa “na gani” kawai a wuce. Sai an tambaye ka a ina, da wane lokaci, ta wace fuska, ina ƙahoninsa suka duba. In jinjirin wata da muka sani yana bukatar wannan tantancewa, ina ga jirgin baƙi?

Me ya sa na damu da wannan magana? Saboda jita-jita kan abin sama ta sha jawo asara. A watan Maris na 1997, a Kalifoniya, mutum 39 suka kashe kansu don shugabansu ya ce musu akwai jirgin baƙi a bayan tauraro mai wutsiyar nan da aka gani a shekarar, wai zai kwashe su. A nan gida, a Janairun 2001, wata ya yi husufi, wasu matasa a Maiduguri suka ce zunubin wasu ne ya jawo, suka fita suna ƙone-ƙone. Mu nan zaman cuɗanya muke da Gbagyi masu ƙasa da sauran ƙabilu da addinai. In aka saba wa yaranmu gaskata duk abin da waya ta kawo, yau fitila ce, gobe kuma ƙarya ce a kan maƙwabci, kuma shagunanmu ne za su fara ci da wuta.

Sai ku 'yan'uwana 'yan kasuwa. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutsen Mas mai kusan kilo 25 a yankin Agadas, aka yi gwanjonsa a birnin New York a Yulin 2025 a kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Irin wannan labari abinci ne ga 'yan damfara. Duk wanda ya zo maka da baƙin dutse a ƙunshe cikin tsumma, ya ce daga sama ya faɗo, akwai Bature mai saye amma ka fara ba da kafin alƙalami, to ka riƙe kuɗinka. Ido ba ya tantance dutsen sama, sai ɗakin gwaji.

In kuma wani abu ya faɗo da gaske, kamar zoben ƙarfen nan mai kilo 500 da ya faɗo ƙauyen Mukuku na Kenya a ƙarshen Disamban 2024, wanda hukumar ƙasar ta ce guntun roka ne, kada a taɓa, kada a bar yara su matsa, don wani yana ɗauke da ragowar mai mai guba. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda. Wanda kuma ya ga haske a sama, ya lura da lokaci, da fuskar da ya fito, da inda ya nufa, da ko yana ƙyaftawa. Ya tambayi wanda ya sani kafin ya tura wa jama'a. Matambayi ba ya ɓata.

Ina roƙon kwamitin ilimi ya duba yiwuwar neman izini a kai ɗaliban Islamiyyarmu ziyara hukumar sararin samaniya, tunda ga ta nan kusa da mu. Dattawan da suka san sunayen taurari kuma su zauna da yara su nuna musu Zara da Kaza-da-'ya'yanta, kada ilimin ya tafi tare da su.

Allah Ya ƙara mana sani mai amfani, Ya tsare mu daga sharrin jita-jita, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu.