Littattafan Soyayya: A Duba Gida Kafin A Ɗauko Ashana

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da Malam ya gabatar wa matasan Kankiya da Kusada a kan littattafan soyayya, bayan wasu 'yan'uwa sun kai kukan cewa ƙannensu mata ba su da aiki sai karatunsu.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S), Malam ya fara da tambayar mahalarta ko su nawa ne suka taɓa karanta ɗaya daga cikin littattafan nan tun daga farko har ƙarshe. Ya ce wanda bai karanta ba ya dakata da yanke hukunci tukuna, domin hukunci ba tare da sani ba shi ma zalunci ne.

Malam ya ce abin ba yau ya fara ba. Tun 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, sannan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo a farkon shekarun 1990 ya cika gari. A wancan lokacin daga Kano ake ɗauko su, su biyo mota ta Bichi da Yashe su sauka Kankiya, masu haya su riƙa bayarwa ana karantawa ana dawowa da su har bango ya yage. Kuma kada wani ya ce ai aikin Kanawa ne kawai: Bilkisu Salisu Ahmed, mai Allura Cikin Ruwa, 'yar Funtuwa ce, haka Ibrahim Malumfashi, wanda ya soke su ya kira su Adabin Kasuwar Kano, shi ma ɗan jihar Katsina ne. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona wasu daga cikinsu a bainar jama'a. "To, sun ƙare?" in ji Malam. "Sun bar takarda ne sun koma waya, suna nan a WhatsApp da Wattpad, inda ba mai iya kai musu ashana."

Ya yarda cewa akwai na banza, musamman cikin na waya, waɗanda ba komai a cikinsu sai batsa da ƙaryar dukiya, kuma waɗannan ba sai an tsaya dogon bayani ba, a nisance su. Amma ya ce abin da ya fi damunsa daban ne.

Nan ya ɗauko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Alhaji Abdu ne, ɗan kasuwa mai hali, da matarsa Rabi mai 'ya'ya tara, wadda yake bari da yunwa. Ya auro Delu, ya kori Rabi da yaranta, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Da gobara ta cinye masa shago, dukiya ta watse, sai ya dawo neman biko, manya kuma suka taru a kan Rabi har ta koma. Malam ya ce marubuciyar ba a sama ta tsinto wannan ba, ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. Ya ce wa mahalarta su rantse tsakaninsu da Allah, a unguwarsu babu Rabi? Shi ya sa 'yan mata ke riƙe littattafan nan kamar rai, saboda suna faɗin abin da gida ya hana a faɗa.

A nan Malam ya daɗe. Ya ce akasarin labaran nan a kan wani sirri suke tafiya: ɗan da aka ɓoye wa ubansa, gadon da aka danne, auren dolen da aka rufe da sunan zumunci. A shafin ƙarshe sai a tara dangi, a yi kuka, a ce a yafe, shi ke nan. Kuma mu ma haka muke yi. Uba ya rasu a ƙauye ya bar gona, babban wa ya riƙe yana noma gero da gyaɗa shekara da shekaru, 'yan'uwansa mata na gidan miji ba a ba su ko kunya ɗaya ba, alhali Allah ya yanka musu rabonsu a Suratun Nisa'i. Ranar da ciwo ya kwantar da shi sai ya aika a kira su, wai su yafe masa. Gonar kuwa tana nan a hannun 'ya'yansa.

Ya ce malamai sun yi bayani cewa laifin da ya shafi haƙƙin mutum, tuba ba ta cika sai an mayar da haƙƙin, ko mai shi ya yafe don raɗin kansa, yana sane da abin da aka ci masa. Yafiyar da aka karɓa da kunya, ko da barazanar tsinuwa, ba ta sauke nauyi. Ko a ƙissar Annabi Yusuf (AS), wadda ita ma sirrin gida ce da aka binne shekaru, sai da gaskiya ta fito fili, 'yan'uwan suka amsa laifinsu da bakinsu, sannan ya yafe, kuma yana da cikakken ikon kama su a lokacin.

Da aka ba da damar tambaya, wani matashi daga Kusada ya ce to me zai yi da wayar ƙanwarsa, ya ƙwace? Malam ya ce kada ya ƙwace, domin za ta ari ta maƙwabciya. Ya karɓi littafi ɗaya ya karanta, su zauna ya tambaye ta wa aka zalunta a ciki, kuma an biya shi ko ba a biya ba. Sannan ya tambaye shi ko an raba gadon mahaifinsu. Matashin ya ce shekara shida ke nan ba a raba ba. Malam ya ce ya fara da wannan, ya samu baffanninsa cikin makon nan, a kira mai ilimin rabon gado, a auna gonar.