Awo da Ƙidaya: Wace Na'ura Ce Ta Fi Tsaro?

Na'urorin lissafi iri biyu ne. Akwai mai awo, wadda ke aiki da juyawar ƙarfe ko ƙarfin lantarki, kamar yadda sikeli ke nuna nauyi. Akwai kuma mai ƙidaya, watau kwamfutar zamani, wadda ke mayar da kome zuwa 0 da 1, tana bin umurnin da aka rubuta mata.

To, a nan gizo ke saƙar. Duk abin da ke karɓar umurni a rubuce, yana iya karɓarsa daga hannun maƙiyi. A 2010 aka gano Stuxnet, muguwar manhajar da ta lalata injunan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, alhali allunan ma'aikata suna nuna kome lafiya lau. A Disambar 2015 kuma, masu kutse suka yanke wa mutane fiye da 200,000 wutar lantarki a Yukren, sai da injiniyoyi suka taka har tashoshin, suka maido da ita da hannu.

Mai awo ba ta da wannan ƙofa. Wanda zai ɓata ta, tilas ya je inda take. Sai dai zafi da tsufa kan karkata awonta, ba ta kuma iya kulle asiri yadda mai ƙidaya ke yi.

Saboda haka ne a 2019 Majalisar Amurka ta zartar da dokar gwada amfani da na'urorin awo da na hannu wajen kare tashoshin lantarki. Da ma Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.