Jiran Dawowar Almasihu: Daga Sifawa Zuwa Wusasa



Kiristan da ya ce yana sauraron dawowar Almasihu yakan sha tambaya a yau, musamman daga 'yan boko: shekara dubu biyu ana cewa ya kusa, ina yake? Mai tambayar yana da abin kafa hujja. A Amurka wani manomi mai wa'azi, William Miller, ya yi ta lissafi da Littafin Daniyel, har mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba, 1844. Wasu suka bar amfanin gona a tsaye ba girbi. Gari ya waye, ba abin da ya faru. Harold Camping, mai gidan rediyon Family Radio, ya sake tafka irin wannan a kan 21 ga Mayu, 2011, bayan mutane sun zuba dukiyarsu wajen kafa allunan gargaɗi a bakin titi. Daga baya ya fito ya nemi gafara.

Sai dai waɗannan mutane littafinsu suka saɓa wa. Sura ta 24 ta Linjilar Matiyu ta bayyana cewa sanin ranar na Allah ne shi kaɗai. Abin da ya rushe a 1844 da 2011 lissafin ɗan Adam ne, kuma rashin adalci ne a ɗora wa miliyoyin masu ibada laifin wanda ya yi wa Ubangiji shisshigi.

Mutanen Sifawa sun fi kowa cancantar fahimtar wannan bambanci. A garin nan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zauna bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, yana karantarwa yana rubutu, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Zamani ne da zancen ƙarshen duniya ya cika bakin jama'a. An daɗe ana yawo da lissafin da ake dangantawa ga Imam Suyuɗi cewa Mahadi zai bayyana wajajen 1200 bayan Hijira, kuma da yawa cikin jama'ar Shehu sun ɗauka shi ne. Da ya yi shiru kawai, da sun naɗa masa wannan rawani. Bai yi shiru ba. Ya rubuta Tahzirul Ikhwan, ya nesanta kansa da da'awar, ya nuna tsayar da shekara ba shi da tushe. Amma bai taɓa musun cewa Mahadi zai zo, Annabi Isa zai sauko ba.

Abin da Shehu ya guda ya auku a Satiru, ba nisa da Sifawa. A 1904 wani ya yi da'awar Mahadi a can, ya rasu a tsare. Ɗansa, Malam Isa, ya tashi a Fabrairun 1906 tare da Ɗan Makaho. Da gatura da fartanya suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. A watan Maris aka dawo da bindiga mai ruwa aka shafe garin, aka kashe mutum wajen 2,000. Zaluncin mulkin mallaka ya tunzura talakawan nan, ba shakka, amma alkawarin cewa lokaci ya yi shi ya kai su bakin bindiga.

Akwai wani jiran kuma, wanda ba a cika ba da labarinsa ba. A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, wani Malam Ibrahim ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani masu ambaton Isa ɗan Maryamu, yana koya wa almajiransa su zauna cikin shirin dawowarsa. Aka kira su Isawa. Da ya ƙi janye maganarsa, sai aka tsire shi a Kasuwar Kurmi, almajiran suka watse, wasu suka fake a duwatsun Ningi. Ba su sa rana ba, ba su kuma naɗa wani cikinsu Almasihu ba. Sun dai riƙe wasiyyar malaminsu cewa wata rana za a zo musu da cikakken labarin Isa.

A 1913 wasu samari daga zuriyarsu suka iske Dakta Walter Miller, likitan mishan na CMS, a birnin Zariya. (Ba shi da alaƙa da Miller na Amurka, suna ne ya zo ɗaya.) Da yawa cikin Isawa suka karɓi Kiristanci suka kafa ƙauye a Gimi, inda cutar barci ta yi musu mummunar ɓarna. Waɗanda suka tsira suka tattara a Zariya, daga baya a Wusasa, inda mishan ta koma a 1929 da makaranta da asibiti. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa, suka karanta Daniyel da Ru'ya ta Yohanna da harshen iyayensu.

Masu cewa jiran lahira yana kashe zuciyar neman duniya sai su dubi abin da gidajen nan suka haifar. Daga zuriyar Isawa Farfesa Ishaya Audu ya fito, likitan yara, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.