Hutun Soja a Lokacin Yaƙi: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya a Kafanchan

 

Maganar da aka ɗora mana ita ce ta 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke aikin soja, musamman hafsoshi, waɗanda ake tura su bakin daga su daɗe ba su leƙo gida ba. Mu 'yan kasuwa ne, ba mu taɓa saɓa bindiga ba. Amma a shagunanmu matansu ke karɓar bashin shinkafa kafin albashi ya shigo, kuma a zaurukanmu ake kawo ƙarar cewa wane ya yi watsi da iyalinsa. To, wannan zargi na watsi da iyali shi muke so mu duba, domin sau da yawa zalunci ne.

Garin nan ya san tafiyar soja tun da daɗewa. Tun 1927 da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna a nan Kafanchan, tashar nan ta zama mahaɗa. Kakanninmu da aka ɗiba a Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 ta tafi Indiya a 1943, ta 82 ta bi baya a 1944, suka gwabza da Japanawa a dazuzzukan Bama. Akasarinsu sai 1946 suka ga gida. Wa zai ba ka hutu ka ƙetare teku ka zo suna? Sunayen barikoki irin su Kalapanzin da Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, duk daga can aka samo su. Haka kuma a yaƙin basasa, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970, iyayenmu sun ba mu labarin jiragen ƙasa maƙare da sojoji da ke wucewa ta nan zuwa Makurɗi.

Jama'a, abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba shi ne, hafsa ba shi da ikon kansa. Ana ganin tauraro a kafaɗarsa sai a ce ai babba ne, in ya ga dama zai zo. Ina! Kyaftin ko manjo sai ya rubuta takarda zuwa ga kwamandansa, shi kuma ya duba ko akwai wanda zai riƙe masa yaransa kafin ya dawo. In babu, babu tafiya, ko da mahaifiya ce a kwance. Kuma shi ne ke sa hannu a fas ɗin ƙananan sojojin da ke ƙarƙashinsa. Hafsan kirki ba ya yarda ya tafi gida alhali kofur ɗinsa ya fi shi daɗewa bai ga 'ya'yansa ba. Wanda kuwa ya sulale ba izini, dokar soja, wadda ta samo asali daga Dokar Soja mai lamba 105 ta 1993, ta ɗauke shi mai laifi, kotun soja ce za ta ji da shi. Saboda haka in ka buga masa waya kana cewa lallai ya zo ko ta halin ƙaƙa, ka sani kana tura shi ne ga asarar aikinsa ko gidan yari.

In ma an ba shi fas ɗin, ku lissafa hanya. Daga Maiduguri zuwa nan ya haura kilomita 600: Damaturu, Potiskum, Bauchi, Jos, sannan ya gangaro. Kafin ma ya iso Maiduguri daga inda aka ajiye shi, sai ya jira ayarin motoci masu rakiya. Kwana bakwai in aka cire zuwa da komawa, me ya rage? Sannan mu kuma mu cika masa falo da gaisuwa da koke-koke, wannan na son a sa ɗansa soja, wancan na son kuɗin magani, har ya koma bai zauna da matarsa ta faɗa masa abin da ke ranta ba. Wallahi wannan ɗabi'a tamu ce, ba ta gwamnati ba.

Amma gwamnati ma tana da nata. Tun da aka kafa runduna ta 7 a Maiduguri a 2013, sojoji suke ta koken rashin canji. A watan Agusta 2018 sojoji sun yi ta harbi sama a filin jirgin saman Maiduguri, suka ƙi a kai su Marte, suna cewa sun shekara uku zuwa huɗu a fagen fama ba a sauya su ba. Ba mu goyi bayan tawaye ba, soja ba ladabi ɗan fashi ne da kaki. Sai dai mutum ba ƙarfe ba ne. Ko jakin fatake akan sauke masa kaya a zango.

Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa wannan matsala ta taso tun zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Yana zagayen dare a Madina ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da ke wajen yaƙi. Bai tsawata mata ba. Sai ya je ya tambayi 'yarsa Nana Hafsa iya tsawon lokacin da mace za ta iya haƙuri, sannan ya sa doka a riƙa maido da mayaƙa. Wasu ruwayoyi sun ce bayan wata huɗu, wasu sun ce shida. Kafin nan ma, Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya bar Sayyidina Usman a gida ranar Badar don jinyar matarsa Nana Ruƙayya, kuma aka ba shi rabonsa na ganima kamar wanda ya halarta. Ashe neman izinin ganin iyali ba ragwanci ba ne. Abin da Alƙur'ani ya zarga shi ne na munafukai a yaƙin Ahzab, masu fakewa da gidajensu don su gudu.

Wannan kuma bai tsaya kan Musulmi kawai ba. Kudancin Kaduna ƙasar sojoji ce. Janar Martin Luther Agwai da marigayi Janar Luka Yusuf duk sun riƙe shugabancin sojan ƙasa, kuma da wuya ka shiga ƙauye a Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi ba ka sami gidan soja ba. Matar soja Bajju ko Atyap da ke layinmu, kewarta ɗaya ce da ta 'yarmu. A rami guda mazajensu ke kwana a can.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce a rubuta gidajen da mai gidan ke bakin daga, unguwa-unguwa, a ɗora wa dattawa biyu da mata biyu alhakin leƙa su. In haihuwa ta zo, a yanka rago a yi suna, a sanar da shi ta waya, kada a ce sai ya zo. In rasuwa ce a yi sutura, a aika wa kwamandansa takarda mai sa hannun mai unguwa, domin shaida irin wannan tana iya taimaka masa wajen neman izini. Mu 'yan kasuwa kuma, wanda ya ba da bashi ya yi haƙuri zuwa ƙarshen wata, kada ya aika yaro ƙofar gida yana kiran sunan matar mutane. Muna roƙon sakatare ya sa wannan cikin ajandar zama na gaba.

Allah ya dawo mana da su lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.